Yadda ake binciken hira kan karatu da waya a unguwannin Hausawa na Legas

Wani ƙanina da ke karanta fannin ilimi a LASU, jami'ar jihar Legas, ya kira ni kwanaki yana ta haki, wai supabaisa ya ce furojek ɗinsa ba na lissafi ba ne, na zama da mutane ne a yi hira, irin wanda 'yan boko ke ce wa kwalitatib, shi kuma duk saninsa bincike shi ne ka buga takardar tambayoyi ɗari biyu ka raba a cika maka eh ko a'a. Taken nasa kuwa yadda yaran Hausawa ke amfani da waya wajen karatu. Ni na taɓa yin irinsa tsakanin Agege da Idi Araba, na sha wuya ba kaɗan ba, to ga yadda ake bi.

Da farko matse tambayarka. Kar ka ce za ka binciki "tasirin fasahar zamani ga ilimin Hausawan Legas", wannan ko shekara goma aka ba ka ba ka gamawa. Ka ɗauki abu ɗaya a wuri ɗaya. Misali yadda malaman Islamiyya a Agege ke tura wa ɗalibai karatu ta WhatsApp su saurara su maido hadda, ko yadda yaran 'yan kasuwar Mile 12 ke shirin JAMB, tunda daga 2015 jarabawar ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, kuma akwai yaron da ranar jarabawa ce ranar farko da ya taɓa riƙe linzamin kwamfuta. Idan makarantar gwamnati kake so, akwai shirin EKOEXCEL da jihar Legas ta fara a 2019 aka raba wa malaman firamare ƙananan na'urori masu ɗauke da darasi, za ka iya tambayar malamai yadda abin yake idan ajin akwai yaran da Hausa suka fi ji.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa, shiga ta ƙofa. Takardar da sashenku ya ba ka mai hatimi tana da amfani wajen hedimasta, amma a Zango, unguwar Hausawa, ba ta buɗe maka bakin kowa. Mutanenmu a Legas sun ga rusau, sun ga hana acaba, duk wanda ya zo da biro da takarda yana tambaya sai a ɗauka gwamnati ce ta aiko shi ƙirga kawuna. Saboda haka ka fara da gaisuwa wajen Sarkin Hausawan unguwar ko wakilinsa, sai limami, sai malamin makarantar. Ni sai da na yi sallar la'asar sau uku a masallaci ɗaya kafin na buɗe baki, rana ta huɗu na tsuguna gaban malamin na ce "Allah gafarta malam, ɗalibi ne ni, aikin makaranta ya kawo ni", ya dube ni sama da ƙasa ya ce "ɗan wane gari ne kai?" Hirar garinmu muka yi kusan rabin awa, bai bar ni na yi tambaya ko ɗaya ba, amma washegari shi da kansa ya tara min iyaye huɗu.

Idan kai namiji ne ka sani ba za ka shiga cikin gida wajen matan aure ba, alhali su ne suka san gaskiyar karatun yara, su ke ganin wa ya ɗauki waya da dare. Nemi 'yar'uwa ko abokiyar karatu ka koya mata tambayoyin ta shiga, ko ku bi ta Islamiyyar matan aure. Binciken da babu muryar iyaye mata a ciki gurgu ne, ko da supabaisa bai lura ba.

Na uku neman izini. Ka faɗa wa mutum da Hausa ƙarara me kake yi, wa zai karanta, cewa ba za ka sa sunansa ba, kuma yana da damar cewa a tsaya ko ana tsakiyar hira. Wasu ba sa son sa hannu a takarda, to ka ɗauki amincewarsu da murya a farkon rikodin idan makarantarku ta yarda da haka. Yaro ƙasa da shekara 18 sai da yardar iyayensa, kuma kar ka keɓe da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, muryar mutum da lambarsa amana ce, ba abin turawa guruf ɗin 'yan aji ba ne.

Mutum nawa za ka yi hira da su? Kowa wannan yake tambaya. A 2006 wani mai bincike, Greg Guest, da abokan aikinsa sun duba hirarraki 60 da aka yi da mata a Gana da Najeriya, suka ga kusan duk manyan batutuwan sun riga sun fito a cikin 12 na farko. Amma fa matan nan kusan yanayinsu ɗaya ne. Kai idan ka haɗa malamai da iyaye da ɗalibai, kowane rukuni sai ka ba shi haƙƙinsa. Ka ci gaba har ka ji maganar ta fara maimaita kanta.

Sai tambayoyin kansu. Kar ka kuskura ka ce "waya tana taimaka wa karatu?" domin amsar da ka riga ka sani za a ba ka, malami zai ce tana lalata tarbiyya, saurayi zai ce tana taimakawa sosai, ka tashi ba ka samu komai ba. Tambayi abin da ya faru. Jiya da dare wayar tana hannun wa? Wa ke sayen data, ta nawa, kwana nawa take yi? Ina ake caji idan ba wuta? Lokacin korona da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 yaya kuka yi? Da irin wannan ne wata uwa ta faɗa wa abokiyar aikina cewa wayar gidan guda ɗaya ce, tana aljihun maigida a kasuwa tun asuba, karatun da malam ya turo da safe sai bayan isha'i yara ke ji, shi ma namijin ke fara riƙewa, macen ta saurara daga gefe tana wanke-wanke. Babu takardar eh ko a'a da za ta fito maka da wannan. Kuma idan mutum ya yi shiru kar ka yi saurin cike wurin da surutu, ka ɗan jira, sau da yawa maganar kirki bayan shirun take zuwa.

Maganar rikodin kuma, Legas ba ta da shiru, ga janareto ga hon ɗin danfo ga mai tallan ruwa. Sa wayar a yanayin jirgin sama kar kira ya yanke maka, ajiye ta kusa da bakin mai magana a kan hula ko darduma ba a kan benci ba, ka gwada minti ɗaya ka saurara kafin ku fara. Ka tafi da fawa banki. Ɗan kasuwa kar ka tare shi da safe ana sauke kaya, tsakanin azahar da la'asar ya fi. Kana komawa gida ka kwafe muryar a wuri biyu, ni na taɓa rasa hira uku rana ɗaya, an zare min waya a Oshodi.

Ka riƙe ƙaramin littafi kuma. Zauna a ajin ka kalla, abin da malam ya ce yana yi da abin da ido zai gani ba kullum suke haɗuwa ba. Rubuta a ranar, ko a cikin motar BRT ne, gobe ka manta rabi.

Yanzu sai aikin da ke cinye rai, juya murya zuwa rubutu. Hirar awa ɗaya tana iya cin maka awa biyar ko fi. Manhajojin da ke rubuta magana da kansu suna ɗan ƙoƙari, amma Hausar Legas da ake cakuɗawa da Yarabanci da burokin tana rikita su, dole ka bi da kunnenka. Rubuta yadda mutum ya faɗa, kar ka gyara masa Hausa, kar kuma ka fassara zuwa Turanci tun yanzu. Kalma irin "kunya" ko "tarbiyya" idan ka juya ta da wuri ma'anar ta zube. Yi nazarinka a Hausa, sai guntayen da za ka sa a furojek kawai ka fassara, ka bar asalin a gefe. A nan ne kuma za ka cire sunaye ka sa Malam 1, Uwa 3.

Wajen nazari supabaisoshi da yawa hanyar masu bincike Braun da Clarke ta 2006 suke so, mai hawa shida, a taƙaice dai ka karanta rubutun har ya zauna maka, ka riƙa liƙa wa kowane guntun magana ɗan laƙabi kamar "kuɗin data", "tsoron lalacewar 'ya mace", "wayar baba", sannan ka tara masu kama da juna su zama jigo, ka sake komawa rubutun ka ga ko jigon ya tsaya da ƙafarsa. Manhajojin wannan aiki irin NVivo da ATLAS.ti suna da tsada, Taguette kyauta ce, kai ko birai kala huɗu da takarda sun isa hira ashirin. Wanda maganarsa ta saɓa wa ta kowa kar ka jefar da shi don ya ɓata maka tsari, ka ba shi sakin layinsa.

Kafin ka kai a ɗaure furojek ɗin, koma unguwar ka karanta musu abin da ka fahimta. Da na karanta wa malamin nan nawa, ya saurara har ƙarshe sannan ya ce na yi kuskure wuri ɗaya, shi ba waya yake ƙi ba, abin da yake ƙi shi ne yaro ya ɗauki karatu daga muryar da ba za ta iya ce masa "sake, ka ja maddin nan" ba. Sai da na koma na rushe babi na huɗu kusan rabi, saura kwana tara a miƙa.