"Kun gane?" da sauran kurakuran da ke kashe wa malami aji

Duk shekarar da ɗaliban kwalejin ilimi suka zo makarantarmu koyon aikin koyarwa, nakan ja benci in zauna can ƙarshen aji in yi shiru. Yawancinsu sun san darasinsu sarai, sun kwana suna shirya shi. Amma daga inda nake zaune ana ganin abin da mai tsayuwa gaban allo ba ya gani: malam yana ta bayani, rabin aji kuwa tuni hankalinsu ya tsallake katanga.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tambayar nan ta "Kun gane?" Yara saba'in su amsa da murya ɗaya, "Eh, malam!" sai malam ya ji sanyi a ransa ya wuce gaba. Ai yaron da aka tarbiyyantar a gidan Bahaushe ba zai ɗaga ido ya ce wa babba bai gane ba, balle a gaban tsaransa. Amsar ladabi ce kawai, ba ta gaya maka abin da ke cikin kansa.

Wata rana wata ɗalibar koyarwa ta gama bayanin rabi da kwata a aji huɗu, ta samu "Eh, malama" ɗinta. Na roƙe ta a hankali ta tambaye su wanne ya fi yawa. Wata yarinya da ke zaune kusa da taga ta ce kwata, domin huɗu ta fi biyu. Sai ga hannaye sun tashi suna goyon bayanta, fiye da rabin ajin. Malamar ta yi jim, sannan ta yago takarda daga littafinta, ta ninke biyu, ta sake ninkewa, ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Buɗe ki nuna mana kwata." Yarinyar ta buɗe, ta duba, ta rufe baki da hannu tana dariya. Gyaran ke nan. Maimakon "Kun gane?", ba su abin yi: su warware lissafi ɗaya, ko ɗaya ya maimaita wa na kusa da shi da bakinsa, kai kuma kana zagayawa kana saurare.

Daga nan sai gaggawa. Malam ya jefa tambaya, kafin yaro ya haɗiye yawu ya riga ya amsa wa kansa, ko ya nuna gwanin nan na layin gaba da kullum hannunsa ke sama. A farkon shekarun 1970, wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna wannan, ta tarar malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak. Da suka ƙara jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara buɗe baki. Saboda haka fara yin tambayar tukuna, ƙirga uku a zuci, sannan ka kira suna, kuma ka riƙa kira daga baya da gefe. In ka fara kiran suna kafin tambaya, sauran duk sun huta da tunani.

In yaro ya amsa ba daidai ba, don Allah kar a ce masa daƙiƙi. Na ga yaran da kalma ɗaya ta rufe musu baki har ƙarshen zango. Tambaye shi yadda ya yi ya kai ga wannan amsa, a nan za ka ga inda igiyar ta tsinke.

Akwai kuma masu ba aji baya. Minti arba'in malam na rubutu yana magana da allo, muryarsa na dukan bango, yara na kwafa ba su san me suke kwafa ba. Rubuta kaɗan, ajiye alli, juyo, sannan ka yi magana. Ihu ma ba ya riƙe aji, sai dai ya dusar da murya kafin azahar. Ka nufi yaron ƙarshe da maganarka, in surutu ya tashi ka tsaya cik ka zuba musu ido.

Waɗannan kurakurai suna bin mutum har wajen taro. A taron iyaye da malamai ko walimar saukar Alƙur'ani, sai a ba mutum minti biyar, ya cinye huɗu wajen jero gaisuwa da sarautu, sannan ya sunkuyar da kai kan takarda yana karatu, makirufo na can nesa da bakinsa. Girmama manya wajibi ne, amma gaisuwa ɗaya mai kyau ta wadatar. Rubuta maganganu uku a 'yar takarda, ka ɗaga kai ka dubi jama'a. Kuma ka san lokacin sauka, domin gajarta magana ba baƙon abu ba ne gare mu. Ya zo a hadisin Ammar ɗan Yasir cewa tsawaita salla da gajarta huɗuba alama ce ta fahimtar mutum. Abdullahi ɗan Mas'ud kuwa ranar Alhamis yake wa mutane wa'azi, da aka roƙe shi ya mayar da shi kullum ya ƙi, don gudun kada ya gundure su.

Ga sabon malami, ga abin da nakan sa ɗalibaina su yi a makon farko: ajiye waya kan tebur ta naɗi muryarka darasi guda, da dare ka saurara. Ƙirga sau nawa ka ce "Kun gane?", sannan ka ƙirga sau nawa aka ji muryar yaro shi kaɗai yana bayani.