Yadda na gyara Seiko 5 ɗina da ke ta gudu

Alhamdulillah, agogon ya dawo hayyacinsa. Seiko 5 ne mai injin 7S26, haka kawai ya fara gudu yana ƙara mintoci a rana ba sakanni ba.

Na buɗe bayansa na tura ɗan hannun saitin gudun agogon zuwa wajen alamar − don ya rage gudu, bai ko ji ba. Na zaci mai ne ya malalo kan siririn sifirin ɗin balans, wato 'yar ƙafar da ke lilo tana daidaita bugun agogo, na duba da gilashi, babu mai ko ɗigo amma zagayen sifirin suna mannewa da juna in yana lilo. To in suka manne sifirin ya gajarce ke nan, dole bugun ya wuce 21,600 a awa da aka ƙera shi a kai.

Sai na kawo kamfas mai nuna arewa kusa da agogon, allura ta juya tana bin agogon. Ashe maganaɗisu ne, a kan sifika yake kwana.

Na samo 'yar shuɗiyar na'urar nan ta cire maganaɗisu. Na ɗora agogon a kanta, na danna maɓalli na riƙe, na ɗaga shi sannu a hankali har iya tsawon hannuna, sannan na saki maɓallin. Kar ka saki yana kusa, ƙara masa za ka yi, kuma kar a daɗe ana dannawa don tana zafi. Na juya shi digiri 90 na maimaita. Kamfas bai ƙara motsi ba, sifirin ya buɗe tsaf. Na mayar da hannun saiti tsakiya, sukundireba da hantsakina ma duk na cire musu.