Ɗauki gida ɗaya ka riƙe: shawara ga 'yan'uwa Kirista daga Gadarif

Tun da yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, babu Lahadin da muka taru a majami'a a nan Gadarif da ke gabashin Sudan ba a yi addu'a domin 'yan gudun hijira ba. Addu'a kam muna yi, har da hawaye. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an tashi. Mutum ya fito zuciyarsa cike da tausayi, ya bi ta gaban makarantar da aka cika da mutane, ya ga yawansu ya fi ƙarfinsa, sai ya ce Allah ya kyauta, ya wuce gida. Yakubu ya san irin wannan tausayin. A sura ta 2 ta wasiƙarsa ya tambaya ko wane amfani ne ka ce wa mai yunwa da tsiraici ya tafi lafiya, ya ci ya ƙoshi, ba ka ba shi komai ba.

Ni Bahaushiya ce daga ƙasar Kano, aure ya kawo ni Sudan, ɗinki nake yi. Maƙwabtana Hausawa ne Musulmi, waɗansu jikokin maniyyatan da suka yada zango a hanyar Makka, waɗansu kuma danginsu na Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Mu Kiristoci masu jin Hausa ba mu da yawa, muna ibada ne tare da mutanen duwatsun Nuba da 'yan Sudan ta Kudu. Daga wannan zaman na koyi abin da zan faɗa.

Da farko ka rage girman abin da kake kallo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen da yaƙin nan ya raba da gidajensu sun haura miliyan 10. Da garin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba 2023, sannan Sinja a tsakiyar 2024, sai da makarantu da masallatai da tashar mota na garin nan suka cika. Idan wannan adadin ka sa a gabanka, ba za ka motsa ba. Zaɓi gida ɗaya. Idan kana da hali, biyu. Ka san sunayen yaransu, ka san wanda ke tari da dare. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai kawar da fashi a hanyar Yariko ba. Mutum guda ya tsaya a kansa, ya zuba masa mai da ruwan inabi, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya kwana yana jinyarsa, da safe ya ba mai masauki dinari biyu, wato ladan ƙwadagon kwana biyu. Abin da ya fi jan hankalina shi ne maganarsa ta ƙarshe, cewa duk abin da aka ƙara kashewa zai biya idan ya dawo. Zuwan farko kowa na iya yi. Wanda ya koma a mako na biyu, da na biyar, shi ne ya yi aikin.

Wane gida za ka zaɓa? Kada ka zaɓi wanda ya fi iya magana. Masu baki sukan samu ko ta yaya. Duba can ƙarshen aji, wajen tsohuwar da ke riƙe da jikoki ba iyayensu, ko magidancin da kunya ta hana shi shiga layin abinci. Shugaban kwamitin wurin ko limamin unguwa ya san su, ka tambaye shi.

Sannan ka tambayi su kansu mutanen kafin ka kai komai. Yesu yana ganin Bartimawas makaho ne, duk da haka sai da ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Tambayar ma tana da ladabinta. Ba a tsaye ake yi ba, ba kuma a gaban jama'a ba. A gaisa, a zauna a kan tabarma, idan sun ba ka shayi ka sha, ko da ka san sukarinsu na ƙarshe ne, don ƙin sha ya fi zafi. Mace ta je wurin mace, namiji wurin namiji. Akwai wata dattijuwa da ta fito daga Mai Wurno, na ce mata, "Inna, a cikin duk abubuwan nan me ya fi damun ki?" Ta ce, "'Yata, abinci dai ana ba mu, Allah ya saka. Maganin hawan jinina ne ya ƙare tun a hanya." Da na je da garin dawa, da ta karɓa ta yi godiya ta sa albarka, ciwon yana nan yana cin ta. Ka tambayi magani, ka tambayi gidan sauro, ka tambayi inda mata ke zagayawa da dare, ka tambayi takardun yara na makaranta. Sau da yawa abin da ake nema caji ne a waya don a ji ko ɗan da aka bari a Omdurman yana raye.

Yanzu maganar alkawari, wadda a ganina nan ne yawancinmu ke zamewa. Alkawari kaya ne. Kada ka yi shi ranar da huɗuba ta taɓa ka. Koma gida, ka zauna da matarka, ke kuma da maigidanki, ku duba abin da za ku iya fitarwa kowane mako ba tare da yaranku sun kwana da yunwa ba. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa ana karɓar kyauta ne gwargwadon abin da mutum yake da shi. Kuma ku yi alkawarin da awo, kada ku yi da kuɗi. Fam ɗin Sudan ya faɗi ƙwarai tun da aka fara yaƙi, kuɗin da ya sayi mudun adas, wani ƙanƙanin wake, wata uku da suka wuce yau ba zai saya ba. Ku ce malwa ɗaya, wato mudun awo na ƙasar nan, ta dawa duk Juma'a, ko sabulu biyu da kwalbar mai duk wata. Ku faɗa musu har zuwa yaushe, misali har kaka. Uwa takan tsara girkinta a kan abin da ta san zai zo, ƙaramin abu mai zuwa kullum ya fi mata buhun da zai zo sau ɗaya ya ɓace. Juma'a na ce don a nan ita da Asabar ne ranakun hutu, Lahadi ranar aiki ce.

Kada kuma ka kafa sabon abu inda akwai mai tafiya. Tun farkon yaƙin matasan unguwanni suka kafa ɗakunan agajin gaggawa da takiyya, wato girkin taro, inda ake dafa adas ko waken ful ko shinkafa a manyan tukwane a raba wa duk wanda ya zo da kwano. Mutanen Sudan suna da al'adar nafir, daidai da gayyarmu, a kanta aka gina wannan. Na ji 'yan'uwa suna cewa ya kamata majami'a ta yi nata girkin, da allonta a ƙofa. Ban yarda ba, sai fa inda babu takiyya ko ɗaya. Tukunya biyu a layi ɗaya gawayi biyu ne, rabin abinci. Je wurin masu takiyyar unguwarku ka tambayi abin da ya fi yanke musu. Sau da yawa itace ne da ruwa da hannun da zai wanke tukwane. Hajiya maƙwabciyata ce ke riƙe da ludayi a tamu, ni nawa yanka albasa. Galatiyawa 6:10 ta ce mu yi wa dukan mutane alheri, ba ta ce mu duba addininsu tukuna ba.

A nan zan yi magana a fili. Kada ka mai da abinci ƙugiya. Mai yunwa zai amsa maka duk abin da kake so ya amsa, kuma ba bangaskiya ba ce wannan, cin zali ne. Idan wani ya tambaye ka dalilin da ya sa kake yi, gaya masa gaskiya, ka ce Almasihu ne ya umarce ka da ƙaunar maƙwabci. Idan ya ce ka sa shi a addu'a, ka sa shi. Amma kada kwanon wani ya dogara ga zuwansa majami'a. An soke hukuncin ridda a dokar ƙasar nan a 2020, sai dai zukata ba su kwanta ba, kuma jita-jita guda cewa Kiristoci na sayen yara da adas za ta iya rufe ƙofar da aka daɗe ana buɗewa.

Da zarar kuɗin wani ya shigo hannunka, ka nemi littafi da biro da mutum na biyu. Rikicin farko da aka rubuta a cikin ikilisiya, a Ayyukan Manzanni sura 6, kan rabon abincin gwauraye ne, har sai da aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su riƙe shi. Bulus kansa bai ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, ya tafi da waɗanda ikilisiyoyi suka zaɓa don kada wani ya sami abin zargi. Mu a zumuntar mata, ɗaya ke karɓa, wata dabam ke saye, ana karanta lissafi a gaban kowa. Yawancin kuɗi yanzu ta Bankak suke zuwa, manhajar Bankin Kartum. Duba asusunka da idonka kafin ka yarda kuɗi sun shigo, kada ka tsaya ga hoton sanarwar da aka turo maka, ana ƙirƙirar na bogi. Ka rubuta har abin da mai shago ya cire lokacin da ya ba ka tsabar kuɗi. Kada kuma ka bar komai a waya. A Fabrairu 2024 layukan waya da intanet sun ɗauke a faɗin ƙasa, takiyyoyi da yawa a Kartum suka tsaya cak don kuɗinsu na cikin waya. Mai da wani kaso hatsi ka ajiye. 'Yan'uwa da ke aiki a Jidda ko Riyad ko can gida Najeriya, idan za ku turo, ku turo wa wanda zai ba ku lissafi, kuma ku nemi lissafin. Neman lissafi ba rashin yarda ba ne.

Akwai ilimin lafiya ɗan kaɗan da ya kamata kowane mai ziyara ya sani. Gwamnati ta sanar da ɓarkewar kwalara a Agusta 2024, kuma Gadarif da Kasala na cikin wuraren da ta fi kamawa. Idan ka tarar da mai gudawa kamar ruwan shinkafa, kada ka jira gari ya waye. Lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a dama a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana neman abin hawa zuwa asibiti. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, ciki na kumbura, jiki na ramewa, a ƙasar Gadarif ana zargin kala'azar ne, kuma baƙi daga Kartum ba su san shi ba, sai su yi ta shan maganin maleriya. Iyakarka ke nan. Kai ba likita ba ne, aikinka ka raka su, ka zauna da su a layi, ka fassara idan tsohuwa ba ta jin Larabci sosai.

Mutunci kuma, kada ka ɗauki hoton wanda kake ba wa. Na san masu turo kuɗi suna son gani, to a ɗauki hoton buhu da rasit. Wanda ke zaune a ajin firamare yau, jiya malami ne ko mai kanti a Wad Madani. Dubi yadda Bo'aza ya yi da Rut: ya sa ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya suna yarwa da gangan, ta tsinta da hannunta, ta koma gida da abin da ta yi wa aiki. Gadarif ƙasar riɗi da dawa ce, idan kaka ta yi ana neman hannu a gonaki. Idan ka san mai gona, kai magidancin wurinsa, ka kuma tsaya har a yi cinikin lada a gabanka don kada a cuce shi saboda baƙo ne. Mace mai iya shayi, murhu da buta da 'yan kofuna sun isa ta fara. Ni keken ɗinki na biyu da nake da shi wata yarinya daga Sinja ce ke kai yanzu, tana biyan kuɗin zare da kanta, ita ta ce haka take so.

Za ka gaji, wannan ba shakka. Wata rana za a yi maka ƙarya, wata rana za ka ga sabulun da ka bayar a kasuwa. Kafin ka yi fushi, tambaya, mai yiwuwa an sayar ne don a sayi magani. Kada ka yi aikin kai kaɗai, ku zama biyu tun farko, yadda idan damina ta sauka, laka ta hana tafiya, ko zazzaɓi ya kwantar da ɗaya, ɗayan zai je. Ku riƙa yin addu'a tare kuna ambaton mutanen gidan da sunayensu.

Idan kuma hali ya canja, ba za ka iya ci gaba ba, kada ka ɓace shiru. Je da ƙafarka mako biyu kafin ka daina, ka gaya wa maigidan ko uwargidan. Nemi wanda zai gaje ka, ka kai shi ka gabatar da shi, ka ba shi abin da ka rubuta: sunan maganin da tsohuwa ke sha da ranar da zai ƙare, ajin da kowane yaro ya tsaya, da lambar ɗan'uwansu da za a kira idan wani abu ya faru da dare.