Yadda ake farfaɗo da aksul da giyar tsohuwar Land Rover ta soja

Land Rover ɗin da ake kira Lightweight an fara ƙera ta ne a 1968 domin sojojin Birtaniya, waɗanda suke son motar da jirgin sama mai saukar ungulu zai iya ɗauka, kuma an ci gaba da yin ta har farkon shekarun 1980. Tazarar da ke tsakanin aksul ɗinta na gaba da na baya, wato gidajen ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a ƙarshensu, inci 88 ce, injinta kuma mai lita 2.25 ne, irin na samfuran Land Rover Series IIA da Series III na farar hula, saboda haka duk makanikin da ya taɓa kwanciya ƙarƙashin tsofaffin Land Rover da suka yi zamani a Arewa ba zai ga baƙon abu da yawa ba. Sai dai an rage faɗin motar, kuma a yawancinsu bakin shaf ɗin taya, wato sandar cikin aksul da ke juya taya, shafaffe ne, ba ya turowa waje kamar na sauran. Don haka kada a sayi shaf ko murfinsa sai an ɗora tsohon kusa da sabon an gwada tsawo, an kuma ƙirga haƙora.

Kafin a kwance ko noti ɗaya, a wanke ƙarƙashin motar, a ɗaga shasi a kan madogaran ƙarfe masu ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin amincewa ba ne ga mai shiga ƙarƙashin mota. Daga nan a tsiyaye mai daga wurare shida, kowanne a mazubinsa: giyabos, akwatin raba ƙarfi da ke bayansa, aksul biyu, da ƙwallayen sitiyari biyu da tayoyin gaba ke juyawa a kansu. Man da ya koma fari-fari ya sha ruwa, wanda yake ƙyalli kamar zinariya yana ɗauke da garin tagulla daga cikin giya, gutsuren ƙarfe kuwa yana nufin wani haƙori ya karye. A kama kowace farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul, a murɗa ta hagu da dama, a girgiza kowace taya sama da ƙasa, a rubuta inda aka ji wasa, domin da zarar an wargaza kayan wannan shaidar ta tafi. A tanadi sufanun inci, kasancewar notin farfela 9/16 ne kuma sufanar milimita cinye masa kai take yi. Ƙurar tsohon birki kuma a jiƙa ta a share, kada a hure ta da iska, domin tana iya ƙunsar asbestos mai lalata huhu.

Aksul na baya ya fi sauƙi, shi ya sa ya kamata a fara da shi. Ana zare shaf biyu ta wajen taya, a sauke farfela, sannan a kwance notocin da ke riƙe da difarenshal, wato giyoyin tsakiyar aksul da ke raba ƙarfi ga tayoyi biyu, a jawo shi gaba ɗaya. Yawancin waɗannan shaf haƙora 10 gare su, kuma sun yi suna wajen karyewa, saboda haka a wanke ƙarshen da ke shiga difarenshal da kalanzir a dube shi a haske. Idan layukan haƙoran sun fara karkacewa maimakon su tafi a miƙe, shaf ɗin ya riga ya murɗe, kuma zubar da shi ya fi mayar da shi arha. A ƙirga haƙoran babbar giya da na ƙaramar da ke juya ta, a tabbatar 47 ne da 10, wato 4.7 idan an raba 47 da 10. Wannan ƙirga ba ɓata lokaci ba ce, domin difarenshal na tsohuwar Range Rover, mai 3.54, yana shiga wannan gida daidai, kuma motar da ta wuce ta hannu da yawa ana iya samun gabanta da bayanta sun sha bamban, abin da ke karya shaf da zarar an sa ta ja da taya huɗu.

Idan an sauya boris na difarenshal, dole a sake saita wasan da ke tsakanin giyoyin biyu da agogon awo, ya tsaya tsakanin milimita 0.20 da 0.25, sannan a shafa shuɗin fenti na gwaji a haƙora a juya, a ga tabon ya faɗa tsakiyar haƙori. Wanda ba shi da agogon awo gara ya kai wa mai shi, domin saitin da aka yi da jin hannu yakan fito da kuka a kan hanya.

A gindin kowace taya akwai boris biyu da sil mai tare mai, kuma sil ɗin yana gudu ne a kan wani zoben ƙarfe da ke kan guntun aksul. Zoben nan shekaru sukan yi masa kwari, kuma duk sabon sil da aka ɗora a kansa zai yi yoyo, don haka a tsaga shi da kurfi a hankali a buga sabo. Takalmin birkin da ya sha mai ba ya wankuwa, sauya shi ake yi. A saman kowane gidan aksul kuma akwai ɗan mashaƙin iska na tagulla wanda laka ke toshewa, kuma idan ya toshe, mai ya yi zafi, iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura man ta cikin sil zuwa birki. Mutane da yawa sun sauya sil sau biyu alhali laifin na wannan ɗan ƙarfe ne da bai kai babban yatsa ba.

Aksul na gaba shi ne mai cin lokaci. A kowane gefe akwai ƙwallo mai rufin kurom wanda gidan taya yake juyawa a kansa, kuma a cikinsa shaf yake lanƙwasa ta hanyar kuros, wato mahaɗa mai siffar gicciye. A bi fuskar ƙwallon da farce: idan tsatsa ta yi masa ramuka a inda babban sil yake shara, to ba zai ƙara riƙe mai ba, kuma cike ramukan da gam dabara ce ta ɗan lokaci wadda ba ta dace da motar da ake son a daɗe da ita ba. A ƙasan ƙwallon boris ne, a samansa kuma bushin da ake kira Railko, wanda fil yake shiga, kuma a ƙarƙashin kan fil ɗin akwai siraran woshoshi da ake ƙarawa ko ragewa don saita taurin juyawa. Ana yin awon ne kafin a ɗaura babban sil da sandar sitiyari: a maƙala sikelin rataye a ramin hannun sitiyari, a ja a hankali, a karanta nauyin bayan gidan ya fara motsi. Adadin da ake nema a ɗauko shi daga littafin gyara na ainihin samfurin motar. Idan gidan ya yi sako-sako, sitiyari zai riƙa karkarwa duk lokacin da taya ta faɗa rami, idan kuma ya yi tauri, motar ba za ta miƙe da kanta bayan kwana ba. A jiƙa sabon bushin da mai kafin a sa shi, a kuma ajiye woshoshin hagu da na dama daban tun ranar kwancewa.

Game da giyabos, na Series IIA ba shi da zoben daidaita gudu a giya ta ɗaya da ta biyu, don haka ɗan ƙaran da yake yi a hannun wanda bai saba ba ba lalacewa ba ce. Na Series III, daga 1971, yana da shi a duka huɗun. Fitar giya da kanta idan an ɗaga ƙafa daga totur ita ce alamar ci ta gaskiya. A bayan akwatin raba ƙarfi akwai gangar birkin hannu, wadda mai yakan cika idan sil ɗin wurin ya mutu, kuma idan allurar agogon gudu tana rawa, a fara duba babban notin da ke tsakiyar gangar, domin saki yake yi. Farfela kuwa a sauya mata duk kuros mai wasa, a haɗa rabinta biyu yadda kunnuwan da ke riƙe da kuros za su kasance a layi ɗaya, a cika giris.

Man giya mai lamba 90 ake zubawa, amma a giyabos a nemi nau'in GL4, domin wasu nau'o'in GL5 suna cin tagulla. Notocin da ke riƙe da sifirin a jikin shasi kada a ɗaure su tamau sai an sauke motar ta tsaya a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin da ke mahaɗar sifirin za su yage da wuri. Gwajin farko a yi shi a kan ƙasa ko yashi: a danna sanda mai kan rawaya don ja da taya huɗu, a jawo sanda mai jan kai baya don ƙaramar giya, sannan a mayar da ita gaba a ga mai rawayan ta taso da kanta. Motar ba ta da difarenshal na tsakiya, saboda haka ba a tafiya da taya huɗu a kan kwalta. Bayan 'yan kilomitoci a tsaya a taɓa gindin kowace taya a ji zafi, a leƙa ƙwallaye da bayan birki ko akwai yoyo, a kuma sake bin notocin sifirin da na farfela da sufana.