Harafi ɗaya a takardar haya: ga sababbin zuwa Ingila

Yawancin masu isowa Ingila daga gida suna jin Turanci, wasu ma da digiri har biyu. Shi ya sa idan ka ce wa sabon zuwa ya kawo takardar hayarsa a duba masa kafin ya sa hannu, sai ya yi maka wani irin kallo. Alhali ƙananan kalmomi ne ke kayar da mutane a nan, masu tsawo ɗaya da haruffa kusan iri ɗaya, waɗanda ido ke tsallakewa idan mutum yana ɗokin karɓar makulli.

Layin waya, katin bas, rajista da asibitin unguwa, duk ba abin damuwa ba ne. Ko a Landan kake ko Manchester, ba za ka rasa ɗan uwa Bahaushe da zai raka ka ba, wannan kam jama'armu ba su da na biyu.

Fara da "leave" da "lease", haruffa biyar-biyar. A wasiƙar hukumar shige da fice, "leave to remain" izinin zama ne aka ba ka. Na ga matashin da ya kwana bai runtsa ba yana zaton korarsa aka yi. "Lease" kuwa yarjejeniyar haya ce. Sai "included" da "excluded", takwas-takwas. Su ne ke gaya maka ko kuɗin wuta, gas da ruwa na cikin hayar ko kuwa a kanka suke, kuma a watan Janairu kuɗin ɗumama ɗaki ba wasa ba ne. Duba kuma ko hayar ta mako ce ko ta wata. Fam 200 a mako ba fam 800 ba ne a wata, ya kusa 867, domin makonni 52 ake rabawa gida 12.

Inda aka fi zubar da hawaye shi ne "tenant" da "lodger". Haruffa shida-shida, mu duka ɗan haya muke ce musu, amma a dokar Ingila nisan da ke tsakaninsu kamar Kano da Legas ne. Idan mai gida ba ya zaune tare da kai, kai "tenant" ne. Kuɗin ajiyar da ka ba shi dole ya sa su ƙarƙashin kariyar ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30, ya kuma sanar da kai inda suke a rubuce. Tun dokar 2019, a irin hayar da muke kamawa, ba zai karɓi ajiyar da ta wuce kuɗin mako biyar ba. Ba ya kuma fitar da kai sai da umarnin kotu. Idan kuwa yana zaune a gidan, kuna haɗa kicin ko banɗaki, to kai "lodger" ne. Kuɗin ajiyarka na aljihunsa, kuma ba ya bukatar kotu, sanarwa kawai zai ba ka.

A irin wannan ɗaki na fara zama. Matar gidan tana ƙasa, ina sama. Ranar da ta ce ƙamshin daddawa ya dame ta, ta ba ni mako guda. Na dawo daga aiki ana yayyafi, na tarar da jakunkunana jere a baranda, har da dardumar sallata a naɗe a kai. Da na nemi kuɗin ajiyata sai ta nuna mini wani tabo a kafet, wanda na tabbata ya riga ni zuwa gidan. Ba ni da hoto, ba ni da rasit.

Abin haushin, bana ma wani ƙanenmu ya kira ni: "Yaya, gidan da arha, mai gidan mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni." Na ce masa turo mini takardar. Ya ce ai ya riga ya biya, kuɗi hannu. Haba! Zama da mai gida ba laifi ba ne, sau da yawa ma ya fi sauƙi, amma ka san sunan da takarda ta ba ka. Ka biya ta banki. Ranar da ka shiga ka ɗauki hoton kowane bango, katifa da kafet, ka tura wa mai gidan ta imel don kwanan wata ya fito. Idan rigima ta taso, ƙungiyoyin taimako na Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta. Wanda ya nufi Scotland ya sake tambaya, dokarsu daban ce.

Ga mai son horar da ido, akwai Wordle, wasan nan da Josh Wardle ya fitar a 2021, jaridar New York Times ta saye shi a 2022. Kalma ɗaya a rana, haruffa biyar, gwaji shida. Yana koya wa mutum bin kalma harafi-harafi, kuma ya fi zaman banza a bas.

Takardar haya dai, ka kawo ta masallaci bayan Juma'a tun ba ka sa hannu ba. Akwai Alhazan da suka shekara da shekaru suna karanta irinta, kuma ba sa karɓar ko sisi.