Wane Filin Jirgi Ya Fi Sauƙin Yada Zango?

Wanda bai daɗe da zuwa ƙasar waje ba, idan tafiya ta kama shi, abu biyu yake dubawa a shafin sayar da tikiti: kuɗi da tsawon awanni. Sunan filin da zai canza jirgi yana rubuce da ƙananan haruffa a tsakiya, ba kowa ke kula da shi ba, alhali a nan ne tafiya take gyaruwa ko ta lalace. Filin da ya fi sauƙi shi ne wanda fasfonka zai wuce ba tare da biza ba, tikitinka guda ɗaya ne, jiragen biyu suna gini ɗaya, kuma idan jirgi ya tafi ya bar ka akwai wani a bayansa. Kyan gini da yawan kantuna ba sa cikin lissafi.

Fasfo ne farkon abin dubawa. Ƙasashen Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken kan iyaka a tsakaninsu, suna da jeri na bai ɗaya na ƙasashe 12 da 'yan ƙasarsu ke buƙatar bizar yada zango ko da ba za su fita daga filin jirgi ba, kuma Najeriya da Gana suna ciki. Kowace ƙasa tana iya ƙara wasu a nata jerin, don haka mai fasfon Nijar ko Kamaru ko Chadi ya duba dokar ƙasar da zai sauka ita kanta. Akwai rangwame: mai biza ko takardar zama ta wata ƙasar Shengen, ko ta Amurka, Kanada ko Japan, an ɗauke masa. Takardar zama ta Birtaniya ta fita daga wannan rangwamen tun farkon 2021, bayan ficewar ƙasar daga Tarayyar Turai, kuma har yanzu akwai masu tafiya da tsohon labari. Ita ma Birtaniya tana da tata bizar yada zango ga masu fasfon Najeriya da Gana, da nata sharuɗɗan rangwame daban. Wanda bai cika ƙa'ida ba, ba a can za a tare shi ba. Tun a wurin awon kaya ma'aikacin kamfani zai hana shi katin shiga jirgi, saboda kamfanin ake ci tara idan ya kai fasinja marar takarda.

Wani tarko da ke kama har waɗanda suka saba tafiya shi ne zango biyu a cikin Shengen. A ce tikiti ya bi ta Faris, sannan Frankfurt, sannan ya fita zuwa Kanada. Jirgin da ke tsakanin Faris da Frankfurt a dokance tamkar na cikin gida ne, sai ka wuce jami'an shige da fice kafin ka hau shi. Bizar yada zango ba ta isa a nan, cikakkiyar bizar Shengen ake nema. Haka ma tikitin da zai sauke ka a Heathrow ya ɗauke ka a Gatwick a Landan, ko Charles de Gaulle da Orly a Faris, ko IST da SAW a Istanbul, waɗanda ɗaya yana ɓangaren Turai ɗaya yana ɓangaren Asiya. Duk canjin fili shiga ƙasa ne, da karɓar kaya, da cunkoson gari. Dubi haruffa ukun da ke gaban sunan birni. Idan na sauka da na tashi sun bambanta, bar tikitin komai arharsa.

Amurka kuwa ba ta san yada zango irin na sauran duniya ba. Duk wanda ya sauka a filinta sai ya wuce shige da fice, ko da Meziko ko Kanada ya nufa, don haka mai fasfo irin na Najeriya sai da bizar Amurka. A mafi yawan filayenta, a wurin saukar farko za ka karɓi akwatinka, ka wuce kwastan, ka mayar da shi a kan belin da ke gaba, ka sake shiga layin bincike. Wannan yana cin lokaci sosai, kuma awa uku ba ta yi yawa ba ga wanda zai kama jirgin cikin gida daga New York ko Chicago ko Atlanta. Akwai hanyar kauce wa layin: a Dublin da Shannon na ƙasar Ireland, Abu Dhabi da manyan filayen Kanada, jami'an Amurka suna tantance fasinja tun kafin ya tashi, sai ya sauka kamar ɗan cikin gida. Sai dai Ireland da Kanada suna da nasu dokokin bizar wucewa, a duba kafin a yi murna.

Bayan fasfo sai tikiti. Tikiti ɗaya, mai lambar ajiya ɗaya ta haruffa shida, yana nufin kamfani ya ɗauki alhakin kai ka ƙarshen tafiya. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, su za su sa ka a na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma akwatinka yana bin ka da kansa. Tikiti biyu da aka haɗa da hannu, ko wanda wasu shafuka ke sayarwa da sunan canji da kanka, ba haka yake ba. Kai za ka fita ka karɓi kaya, wanda ke nufin shiga ƙasa da biza, kai za ka sake awo, kuma idan ka makara tikiti na biyu ya ƙone. Arha ba ta ado, a nan ma ba ta kai mutum gida. A lura kuma: wanda ya tsallake wani sashe na tikiti ɗaya, kamfani yakan soke sauran sassan gaba ɗaya, har da na dawowa.

Sai maganar ginin kansa. Filin Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, tasha ɗaya ce, alamominsa a bayyane suke, kuma kusan duk canjin tsakanin jiragen Qatar Airways ne, shi ya sa ya fi dacewa da wanda bai saba ba ko mai tafiya da yara. Sabon filin Istanbul, da jirage suka koma cikinsa a 2019, shi ma rufi ɗaya ne, amma girmansa abin tsoro ne: jirgi yakan daɗe yana tafiya a ƙasa kafin ya tsaya, sannan daga wata ƙofa zuwa wata sai a yi minti 20 a ƙafa. A Dubai, canji daga Emirates zuwa Emirates a Tasha ta 3 ba wuya, amma yawancin jiragen flydubai suna Tasha ta 2 a ɗaya gefen titin jirgi, sai an hau bas. Filin Bole na Addis Ababa ƙarami ne idan aka kwatanta, tafiyar ƙafa kaɗan ce, matsalarsa ita ce jirage suna zuwa a tare da safe da dare, layin bincike ya cika maƙil.

A Turai, Schiphol na Amsterdam tasha ɗaya ce, ba bas ba jirgin ƙasa, ƙafa kawai. Munich da Zurich sun fi Frankfurt sauƙin ganewa. Charles de Gaulle shi ne mai rikita baƙo: Tasha ta 2 kaɗai ta rabu daga 2A zuwa 2G, ita 2E kuma tana da zaurukan K, L da M, wanda ba ya karanta allo da kyau sai ya tsinci kansa a layin da ba nasa ba. Heathrow tashoshi huɗu ne, 2 zuwa 5, canjin tasha sai da bas, kuma kusan duk mai yada zango sai an sake bincikensa.

Kowane fili yana da mafi ƙarancin lokacin canji da kamfanoni ke sayar da tikiti a kansa, wani wurin bai kai awa ɗaya ba. Wannan lissafin mai gudu ne wanda ya san hanya kuma jirginsa ya zo a kan lokaci. Ga baƙo, awa biyu zuwa uku shi ne daidai a fili mai tasha ɗaya, a ƙara awa guda idan akwai shige da fice ko canjin tasha. Lokacin da ke kan tikiti na tashin jirgi ne, ƙofa kuwa ana rufe ta minti 15 zuwa 20 kafin nan. Tun watan Oktoba na 2025 ƙasashen Shengen suka fara ɗaukar hoton fuska da zanen yatsun masu gajeriyar ziyara a wurin shiga, wanda ya ƙara tsawon layi. Abin da mutane suka fi mantawa shi ne yawan jirage: idan jirgi ɗaya ne a rana zuwa inda ka nufa, rasa shi kwana ne a fili. Lokacin sanyi kuma, ƙanƙara da hazo suna jinkirta jirage a arewacin Turai da Amurka. Ga zango mai tsawo, kamfanonin Ethiopian, Turkish, Emirates da Qatar suna ba da otal bisa sharuɗɗa, amma otal na cikin gari yana buƙatar izinin shiga ƙasa, a tambaya tun kafin sayen tikiti.

Ranar tafiya, a wurin awon kaya ka dubi takardar da aka liƙa wa akwatinka, ka tabbata haruffa ukun filin ƙarshe ne a jiki, ka adana ƙaramin rasit ɗin. Ka nemi katin shiga jirgi na duka sassan. Da ka sauka, bi alamar Transfer ko Connecting Flights, kada ka bi ayarin masu zuwa ɗaukar kaya, domin ƙofar fita ba ta komawa baya. Lambar ƙofa tana canzawa, allon filin ne gaskiya ba abin da aka buga a kati ba. Ruwa ko turare da ya wuce mililita 100 za a iya karɓe shi a binciken zango, sai idan yana cikin ledar kanti mai hatimi tare da rasit. Magani, takardu, caja da kayan sawa na kwana ɗaya su zauna a jakar hannu, batirin ajiyar caji ma dole a can yake. Idan akwati bai iso ba, a cike takardar rahoto a teburin kaya kafin a fita daga zauren. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan haƙƙin fasinjojin jirgin sama tsakanin ƙasashe, ƙorafin kayan da suka lalace kwana 7 ne wa'adinsa, na waɗanda suka makara kuma kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka su.