Yadda Ake Rubuta Labarin Diragon Mai Rikiɗa da Tsohuwar Zumarsa

Da farko ka zaɓi irin diragon ɗinka, domin ba jinsi ɗaya ba ne. Na tatsuniyoyin Turai yana da fukafukai, yana feso wuta, yana kwance a kogo bisa tarin zinare. Na ƙasar Sin kuwa dogo ne kamar maciji, galibi ba fiffike, ruwan sama da koguna ne a hannunsa, har ana cewa sarakunansu 4 ke mulkin tekuna. Daga nan halin jaruminka zai fito. Na farko mai kishi ne, abin da ya riƙe ba ya saki. Na biyu mai haƙuri ne, amma ranar da ya fusata ambaliya ce.

Sai dokokin rikiɗa, wato yadda yake juyawa daga mutum zuwa diragon. Rubuta su a takarda kafin babi na 1. Da son ransa yake rikiɗa, ko fushi ne ke fizgarsa? Me take ci masa, jini ko tunani? Shekara nawa zai rayu? In shi zai kai 500 masoyiyarsa kuwa 70, ka riga ka sami abin da zai hana su barci.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan littafin, kuma a nan na fi ganin marubuta suna zamewa: me ya raba su? Ina jin takaici in na kai shafi na 200 na tarar rashin fahimta ce kawai, wadda magana ɗaya za ta warware. Dalilin rabuwar ya fito daga rikiɗar kanta. A ce shekara 10 da suka wuce ya rikiɗa cikin barci, wutarsa ta bar mata tabo a hannu, kafin gari ya waye ya ɓace ba sallama. A wurinsa kāre ta ya yi. A wurinta yasar da ita ya yi, ranar da ta fi bukatarsa. Kowa da gaskiyarsa, kuma mai karatu ya kasa zaɓar gefe.

Ka haɗa su da wuri, babi na 1 ko na 2, da wata larura da ba mai iya gudu. Tarihinsu kuma kada ka juye shi lokaci ɗaya, ka riƙa ɗigo shi. Babi ɗaya da idonta, na gaba da idonsa.

Masu karanta irin wannan littafi suna jiran su ga masoyan sun daidaita a ƙarshe, to ka ba su. Sai dai kada ka fake da cewa ƙaddara ce ta haɗa su. Ya buɗe baki ya nemi gafara, ya tsaya gabanta da ainihin siffarsa, ƙaho da farata da hucin wuta. Ita ce za ta yanke shawara, ta miƙa hannun nan mai tabo ta taɓa shi.